Shaibu a Hanyar Dutsen Bakin Teku

Tun kuna ƙanana kuke tambayar uwarku abin da ya sa Baba Shaibu bai taɓa sa hannu cikin akushin gidanmu ba. Ko da salla, in aka kai mashi tuwo, sai ya yi godiya ya miƙa ma maƙwabta. Ita kan ce maku halinshi ne, zaman ƙasar waje ya sauya shi, ku kuma kuka ɗauka haka, har bara na ji ɗayanku yana kiran shi mai baƙin rai. Uwarku ba ta yi maku ƙarya ba, iyakar abin da ta sani ke nan. Ni ne na san sauran, kuma tunda na aje aiki, ido ya fara rauni, gara in rubuta shi yanzu da hannuna.

Uwar da ta haife ni ta rasu ina da kwana arba'in da ƴan kai. A lokacin Inna Cima, maƙwabciyarmu a ƙauyenmu na ƙasar Kanan Bakashe, tana goyon ɗanta na fari, Shaibu, wanda ya girme ni da wata uku. Ba wanda ya roƙe ta. Ta shigo gidan makoki ta ɗauke ni daga hannun wata tsohuwa da ke ba ni ruwa da ludayi, ta sa ni a ɗaya nonon. Haka muka tashi ni da Shaibu, tabarma ɗaya, ƙwarya ɗaya, muna kiwon awaki cikin Gulbin Kaba muna jifar goriba. Ranar da aka zo rubuta yara lakwal, wato makarantar boko, Inna ta ɓoye Shaibu cikin rumbu, ta dawo za ta ɓoye ni ta tarar an riga an kama hannuna. Ta yi kuka kwana uku don tana ganin an ƙwace mata ɗa. Wannan kamun ne ya sa na zama ma'aikacin kiwo, wanda makiyaya ke kira likitan dabbobi, ina yawo da babur daga rijiya zuwa rijiya ina yi ma shanu allura. Shaibu ya tsaya kan gonar ubanshi, ya auri Baraka, suka samu ɗiya mace. Da damina biyu suka ƙi a jere, ya sayar da jakinshi ya bi ƴan ƙauye zuwa arewa. Saƙonshi ya zo sau ɗaya daga Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, cewa zai ƙara gaba neman aikin gini. Daga nan shiru. Salula ba ta kai ƙauyenmu ba a lokacin, labari sai a bakin wanda ya dawo, kuma duk wanda ya dawo sai ya ce bai gan shi ba.

Ya shekara huɗu da tafiya aka zaɓe ni in je Aljeriya ƙaro ilimi na wata uku kan cututtukan shanu. Da labari ya kai ƙauye, Inna ta hau amalanke ranar kasuwa ta zo har gidana a Mayahi. Ta kawo ƙulli cikin tsumma mai tsabta, da yaji da daddawa da ƙuliƙuli a ciki. Ba ta faɗin sunan Shaibu saboda ɗan fari ne, don haka ta ce:

"In ka ga ɗan'uwanka ka ba shi wannan. Ka ce mashi ko ba shi da komai ya dawo, gona tana nan."

Na yi mata bayani cewa ƙasar ta fi tamu mutane nesa ba kusa ba, ba a gamuwa haka kawai. Ta saurare ni har na gama, ta ce ai Allah ne ke haɗa mutane, ba ƙanƙantar gari ba. Na karɓi ƙullin. A Yamai, ina shirya jaka, na ga warin daddawa zai kama sabon kwat ɗin da na ɗinka don tafiyar. Na bar ƙullin a kan taga a masaukin da na kwana.

A tsakiyar wata na uku makarantar ta shirya muna fita shan iska. Mu goma sha wani abu ne, daga Mali da Senegal da Cadi da wasu ƙasashe, da malami guda da ya raka mu, dattijo mai fara'a da ke sona don ina ƙoƙari a aji. Aka ce za a kai mu mu ga hanyar da aka sassaƙa a jikin dutse tsakanin Bijaya da Jijel. Na sa kwat ɗin nan, na ɗaura karabat a wuya, ko da yake sauran duk da ƙananan riguna suka fito.

Ku da kuka tashi da hotuna a salula ba za ku gane yadda wurin ya yi mani ba. Ni mutumin rairayi ne, tudun da na sani shi ne wanda jaki ke hawa ba ya haki. Motar ta yi ta hawa tana lanƙwasa, dutse a dama ya tsaya sama har sai ka kwantar da kai kafin ka ga ƙarshenshi, kore shar da itatuwa, a hagu kuma ba komai sai wani ɗan gini da bai kai gwiwa ba, bayanshi rami, can ƙasa teku. Wani wuri hanyar ta shige cikin dutsen kanshi, mu yi duhu, mu fito sai ga ruwan ya sake buɗewa, shuɗi kamar an zuba baba, kusa da gaɓa kuma kore, yana dukan duwatsu yana fari. Birai na zaune a bakin hanya suna kallon motoci. Kunnuwana suka toshe. Na riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu ina tasbihi, rabi don tsoro rabi don ban taɓa sanin Allah ya yi wuri irin wannan ba. Na tuna da makiyayan da nake tararwa suna jan guga gaba talatin don su shayar da garke, ga ruwa nan har inda ido ya gaza, kuma ba mai iya kurɓar shi.

Tun a ƙasan dutsen mun wuce wasu baƙaƙen fata a bakin hanya da ledoji a hannu. Direba ya faɗi wata magana da Larabci, malamin ya fassara muna yana murmushi, cewa irin waɗannan suna shigowa ta hamada ba takarda, su cika tasha da gindin gada. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce amma su Mushe Lawali, wato ni Malam Lawali da Faransanci, daban ne, waɗannan su ne fuskar ƙasarsu ta gaskiya. Na yi dariya tare da kowa, har na ji daɗin dafawar.

A inda hanyar ta fi tsawo akwai fili da motoci ke tsayawa a yi kallo. An yi ruwa kwana biyu kafin zuwanmu, duwatsu sun gangaro sun tare rabin hanya, leburori suna kwashewa da shebur da baro. Muka sauka. Iska mai sanyi da gishiri tana kaɗa mani kwat. Ina tsaye ina kallon wani jirgin ruwa da ya yi ƙanƙanta kamar ƙwayar goro, sai na ji an ce a bayana, da Hausar garinmu:

"Lawali? Lawalin Inna?"

Na juya. Yana riƙe da baro cike da tsakuwa. Ya rame har wuyanshi ya yi tsawo, gemunshi ya yi furfura, ga rigar aiki mai ruwan lemo da ta yage a kafaɗa, takalmin ƙafa ɗaya an ɗaure shi da waya. Na gane shi tun kafin in gama juyawa, don muryar da na ji tun ina rarrafe ce. Ya saki baron ya taho yana goge hannu a wando, bakinshi a buɗe yana dariya, kuma na ga ya rasa haƙoran gaba biyu. Malamin yana gefena, ɗan Senegal yana riƙe da abin ɗaukar hoto, duk sun juyo. Malamin ya tambaye ni ko na san mutumin.

Na daɗe ina neman abin da zan ce ya faru a zuciyata a wannan lokacin, ko tsoro ne, ko ruɗewa. Ba ko ɗaya. Hankalina yana jikina sarai. Na dubi takalmin nan mai waya, na dubi malamin, na zaɓa. Na ce ma Shaibu da Faransanci, harshen da na san bai ji, cewa ya yi kuskure, ban gane abin da yake faɗi ba.

Ya tsaya da hannu a miƙe. Ya dube ni daga karabat har takalmi, ya dubi mutanen da ke tare da ni, sai na ga ya fahimta. Ya mayar da hannun a hankali ya sa a ƙirji kamar mai gaida babba.

"Yi haƙuri, mushe," ya ce. "Na ɗauka wani ɗan'uwana ne."

Ya koma ya kama baron. Da ya zo wucewa ta gabana bai ɗago kai ba, ya yi magana ƙasa ƙasa kamar da tsakuwar yake:

"In ka san mai zuwa ƙasar Mayahi, a ce ma tsohuwa ina nan da rai."

Aka kira mu hoto. Na tsaya a tsakiya, teku a bayana, na yi murmushi. Bayan nan aka kai mu cin kifi a wani gari a gindin dutsen, na ci, har na ƙara.

Sati biyu ina cewa gobe zan koma. Ranar hutu ta ƙarshe kafin mu taso na ɗauki taksi ni kaɗai, ba kwat, na koma wurin. An share hanyar tas, ba lebura ko ɗaya. Wani mai sayar da shayi a filin ya nuna mani da hannu cewa sun tafi, bai san ina ba. Na zauna a kan ɗan ginin nan har mai taksi ya gaji ya yi ta danna oda. Tekun yana nan yadda yake, amma ban iya kallon shi ba, ƙasa na yi ta kallo, inda tayar baro ta bar sawu a laka.

Har a cikin jirgi na shirya abin da zan faɗa ma Inna: na gan shi, yana da rai, yana aiki. Gaskiya ce kuma ta ishe ta. Na isa ƙauye da hantsi da tsarabar dabino da mayafi. Inna tana zaune gindin iccen bedi tana ɓarzar gujiya, gida ya cika da masu yi mani barka da zuwa. Na hangi ƙafafun Baraka a ƙarƙashin zana, ta tsaya daga ciki tana saurare. Inna ta bari aka gama gaisuwa, sannan ta tambaye ni ko Allah ya haɗa mu. Nan take na ga tambayoyin da za su biyo baya. A ina yake kwana, me ya ce da ya ga yajin, yaushe zai zo, me na ba shi, kwana nawa muka yi tare. Ko wace ɗaya za ta kai ni ga abin da na yi, a gaban mutanen da suka zo kallon ɗansu da ya hau jirgi.

"Ƙasar tana da faɗi, Inna," na ce. "Ban gan shi ba."

Ta ce to, Allah ya sa yana hannu nagari. Ta tambayi ƙullin, na ce na ba wasu ƴan ƙasarmu da na tarar can, ta ce na kyauta. Ƙafafun da ke bayan zana suka juya suka tafi.

Na ɗauka abin ya tsaya nan. Bayan girbi mahaifin Baraka ya kai magana gaban mai gari da liman, cewa ɗiyarshi ta shekara biyar ba miji, ba saƙo, ba labarin rai ko mutuwa. Aka aiko a kira ni, tunda ni ne na ƙarshe da ya taka ƙasar, kuma ni ɗan'uwanshi ne, mai ilimi, wanda ba a zaton zai faɗi abin da ba haka ba. Na yi tafiyar daga Mayahi a kan babur ina ce ma kaina yau zan faɗa. Liman ya tambaye ni a gaban dattawa ko na ji wani abu game da Shaibu, ko da jita jita ce. Da na faɗa a ranar, sai in bayyana dalilin da ya sa na ɓoye ma Inna wata biyar. Na ce ban ji ba. Aka raba auren. Da ta gama idda wani manomi daga Maijirgi ya aure ta, ta tafi da yarinyar.

Inna ta ƙi yarda a yi ma Shaibu sadakar mamaci, ko da ƴan'uwa suka matsa. Duk damina sai ta sa a shuka gonarshi, ni nake biyan masu noma, mutane suna yabona a kan haka. Bayan shekara biyu ta kwanta ciwo. Na kawo ta likita a Tasawa, inda aka mayar da ni aiki, ta yi kwana tara a hannuna. Akwai wata safiya da ta farka da sauƙi, ta sha kunu, muna mu biyu kaɗai, ta riƙe yatsana tana ba ni labarin yadda muke faɗa a kan nono ni da shi. Na buɗe baki. Sai na ce a raina kar in tayar mata da hankali tana samun sauƙi. Washegari ta rasu.

Shaibu ya dawo shekara uku bayan haka, cikin waɗanda aka kwaso a manyan motoci aka sauke a bakin iyaka. Ya iso ƙauye a bayan amalanke da leda ɗaya. A bakin rijiya aka faɗa mashi uwarshi ta rasu, matarshi tana Maijirgi da ƴaƴa biyu na wani. Da na zo yi mashi barka, ya tashi ya ba ni hannu a gaban mutane, ya yi mani godiyar jinyar Inna da noman gona. Na yi sati ina jiran ranar da labarin zai fito. Bai fito ba, har yau bai faɗa ma kowa ba.

Da damina ta sauka na same shi a gona yana noman farko. Na tsaya a bakin kunya na ce na zo neman gafara. Ya jingina da hauyar ya ce ranar nan da ya gan ni cikin kwat tsakanin manyan mutane daɗi ya ji, ya ce a ranshi nonon tsohuwa bai tafi a banza ba. Ya ce shi ma da ya dubi kanshi bai ga laifina sosai ba, don ko shi kunyar dawowa hannu wofi ce ta riƙe shi can. Ya ce ya kwana da sanyin rai shekaru, yana ganin ko ba komai tsohuwa ta san yana raye. Sannan ya tambaye ni:

"Kwana nawa ta yi a hannunka a Tasawa?"

Na ce tara.

"Tara," ya ce. "Na yafe maka na kan dutse, Lawali. Na tsohuwa ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi."

Ya sunkuya ya ci gaba da noma. Na tsaya har rana ta take, bai sake ɗagowa ba.

Saura mutum ɗaya da ban fuskanta ba, kuma sai bana na iya. Na tafi Maijirgi ranar da ba kasuwa don kar in haɗu da idon sani. Baraka ta tsufa, mijin ya rasu, tana zaune da jikoki. Ta shimfiɗa mani tabarma a zaure, ta kawo fura, tana ce mani Likita kamar da. Na faɗa mata duka, tun daga ƙullin da na bari a taga har abin da na ce gaban liman. Ba ta katse ni ba. Tana ta murza bakin zanenta da yatsa. Da na gama ta tambaye ni ko ya rame a ranar. Na ce ya rame. Ta tambaya ko wurin da sanyi, na ce da sanyi, kuma rigarshi a yage take. Ta gyaɗa kai.

"Da ya ba ka saƙon," ta ce, "ya ambace ni?"

Na ga abin da take so ta ji, kuma ba wanda zai ƙaryata ni in na faɗa. Kalma ɗaya ce, za ta tafi da ita kabari da daɗi. Bakina har ya fara shirya ta, don ya saba.

"Tsohuwa kaɗai ya ambata," na ce. "Ban tsaya ba balle ya ambaci kowa."

Ta ce to. Ta ɗauki ƙwaryar furar, ta ga ban sha ba, ta rufe ta da faifai. Ta ce in kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba, ta shiga gida.